Kawu Bugu-Ɗaya da Hannun Sitiyarin Motar Burodi

Kawuna makaniki ne, ko in ce haka aka rubuta a allon da ke ƙofar garejinsa. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka ba ni da bakin cewa ban san shi ba. A layinmu Bugu-Ɗaya ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa. Cewa yake yi tun da ya fara taɓa ƙarfe bai gamu da noti ko ƙusar da ta wuce masa bugu ɗaya ba. Shagon ɗinkina yana kallon garejin, titi kawai ya raba mu, kuma shekara da shekaru ina kan keke ina jin gudumarsa tun safe har yamma. Ban taɓa jin ta sauka sau ɗaya ta yi shiru ba.

Ba da mota ya fara ba. Da ƙuruciyarsa dutse ya fasa wa wani kamfanin yin hanya. Da kamfanin ya tattara ya tafi, sai aka ga babbar gudumarsu a bayan ƙofar Kawu. Shi ya ce kyauta aka ba shi, Inna kuwa, wato mahaifiyata, ta ce mantawa ya yi bai mayar ba. Daga nan ya yi karen mota, sannan ya raɓu da wani tsohon makaniki wanda idonsa ya fara rauni. Tsohon ya rasu, rumfa ta zama ta Kawu, tare da ramin duba mota da akwatin sifanu. Abin da ya koya a wurin dutse shi ya kawo wa mota: duk abin da ya ƙi motsi, dukan ne bai ishe shi ba.

Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, damtsensa ya fi cinyar wani. Farcen babban yatsansa baƙi ne tun ina yarinya, domin kafin ya warke ya sake samun rabonsa. Kunnensa na hagu ya mutu saboda ƙarar ƙarfe, kuma ya san amfaninsa: in yabo ne sai ya miƙo na dama, in shawara ce sai ya juyo na hagu. A gidansa ƙofar ɗaki ba ta rufuwa sai da ƙafa tun ranar da ya gyara ta. Matarsa, baiwar Allah, in fanka ko rediyo ya lalace, a ƙarƙashin gado take ɓoye shi har ya fita, sannan ta bi ta ƙofar baya ta kai wa mai gyara. Ni ma ranar da ya ji kekena yana wani ƙara, ya tsallako titi da 'yar ƙaramar guduma yana murmushi. Na kife a kan keken na ce sai dai ya fara da ni.

Amma kada in ci amanarsa, Kawu ba mugu ba ne, kuma abin da ya sa ya fi mugu haɗari ke nan. Shi ya riƙe Inna bayan rasuwar mahaifinsu. Bai taɓa karɓar ladan aiki daga hannun dangi ba, in ka miƙa masa ma faɗa ne. To wa zai buɗe baki ya kushe aikin da aka yi masa kyauta, aka haɗa masa da shayi? Baƙo yakan kawo mota sau ɗaya, ba ya komowa. Dangi ne ba su da wurin gudu. Duk motar da ke cikin zuriyarmu tana da tabon Kawu a wani wuri, kuma duk mai ita ya je har gida ya yi godiya.

Maigidana direba ne. Mutum ne mai sanyi, irin wanda in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Yana da wata tsohuwar mota ruwan ɗorawa mai rufaffen baya, da ita yake raba burodin wani gidan gashi zuwa shaguna kowace safiya. Da wannan aikin muke ci, da shi yara suke makaranta. Ɗinkina na sabulu ne da takalman yara kawai. Kuma aikin yana da masu so. Akwai wani da ake kira Mai Farar Mota, kullum yana fake a bakin gidan burodin da motarsa a wanke, yana gaishe da mai gidan har da rusunawa, yana jiran ranar da maigidana zai makara.

Sai sitiyarin motarmu ya fara wasa. Ka murza shi ya tafi wani wuri kafin taya ta sani. Maigidana ya lallaɓa ya nuna wa Gajere, wani makaniki da ke ƙarshen layinmu, a bayan idon Kawu. Gajere ya leƙa ƙasa ya ce hannun sitiyari ne ya cinye. Ni ma zaman shagon nan ya sa na san shi. A ƙarƙashin mota akwai akwatin sitiyari, wata gajeriyar sanda mai haƙora ta fito daga gindinsa, a jikinta aka zura wani lanƙwasasshen ƙarfe mai nauyi, aka ɗaure da ƙaton noti. Wannan ƙarfen shi ne hannun, shi yake tura tayoyi dama da hagu. In ya shekara a wurin, tsatsa takan haɗa shi da sandar su zama kamar abu ɗaya.

Aka yi sa'a mai gidan burodin zai rushe murhun gashinsa ya sake gini, za a rufe na 'yan kwanaki. Ya kira maigidana ya ce, “Ga dama ta samu, ka gyara motarka. Safiyar da za mu sake kunna wuta ina son in gan ka a ƙofa. In ban gan ka ba, ka san akwai mai jira.”

Maigidana ya sayo sabon hannu, da niyyar ya zagaya ta bayan layi ya kai wa Gajere. Abin da bai lissafa ba shi ne bakin mai sayar da kayan gyaran. Kafin ya iso gida labari ya riga shi zuwa garejin Kawu, daga can ya wuce gidan Inna. Da yamma sai ga ta, ko zama ba ta gama yi ba ta fara.

“Ke, me nake ji? Motar gidanku za a kai wa bare, Yaya yana raye?”

Na ce, “Inna, sitiyari ne fa, ba ƙofar ɗaki ba.”

“Rufe mini baki. Ya zo gidana ya zauna, ko ruwa ya ƙi sha. Ya ce ashe surukinsa ya raina shi bai sani ba. Mutumin da ya riƙe ni har na yi aure na haife ki!”

Maigidana yana gefe, kansa a ƙasa, yana murza hularsa. Na harare shi, na yi masa alama ya yi shiru ya bar ni da ita. Ina! Sai ji na yi ya ce, “Inna, a yi haƙuri, wallahi ba raini ba ne. Gobe da safe zan kai masa.”

Da ta tafi na ce masa, “Ka san abin da ka yi kuwa?”

Ya ce, “Haba, hannu ne kawai za a cire a sa wani. Me zai ɓaci a ciki?”

Na dube shi, na ji tausayinsa ya kama ni tare da haushi. Shekarunsa nawa a cikin danginmu, amma har yanzu yana iya yin wannan tambayar.

Da safe mota ta hau kan rami. Kawu ya zagaya ta yana marin gefenta kamar mai taya saniya. Ya ce wa maigidana, “Zauna, ɗana, ga shayi. Kafin ya huce ka tafi.” Ya sauka rami, ya sa sifana a notin, ya zura dogon bututu a kan sifanar, ya rataya a jiki har notin ya yi ƙara ya saki. Ya warware shi gaba ɗaya ya cilla shi waje, ya faɗa cikin yashi. Masu zaman shan shayi a bencinsa, waɗanda ba su da aiki sai kallon nasa, suka ce sannu da ƙoƙari.

Ana haka sai ga Gajere ya taho a hankali, riƙe da wani abu cikin tsumma. Fula ce, wani ƙarfe mai ƙafafu biyu da dogon sukuru a tsakiya. Ana maƙala ƙafafun a bayan hannun, a yi ta ɗaure sukurun yana tokare sandar, har hannun ya zamo da kansa. Ya tsaya a bakin rami ya gaishe da Kawu da ladabi.

“Sannu da aiki, Babba. Na ce ko a ɗaura mata wannan, a jiƙa wurin da man birki a bar shi ya sha. A mayar da notin ko kaɗan ne, don kada bakin sandar ya ji duka. A kuma ja layi da alli, don a san yadda tsohon yake zaune.”

Kawu ya juyo masa kunnen hagu. Ya dubi maigidana ya ce, “Me ya ce?”

Maigidana ya maimaita rabin maganar, a hankali, kamar shi ya yi laifin.

Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki. “Fula? Kayan masu ciwon baya! Kai, ina cire hannun sitiyari tun kana tsotson yatsa. Alli kuma na 'yan makaranta ne. A garejin nan ba a taɓa shigo da kayan aro ba, ba kuma a kanka za a fara ba.”

Gajere bai yi musu ba. Ya koma ya rataye fular a ƙusa a bakin rumfarsa, inda kowa yake ganin ta, ya ɗaga murya ya ce tana nan in an buƙata.

Kawu ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗauki gudumar kamfanin hanya. Ya ce kowa ya matsa. Ya kai wa motar duka, har gilashin shagona ya amsa. Hannu ko gezau. Ya ce wannan gaisuwa ce. Ya sake, ya ce yanzu ta san da zuwansa. Daga nan bai ƙara bayani ba. Ya doki hannun ta gefe, ya doke shi ta sama, da ya gaji ya koma dukan bakin sandar ta ƙasa, wurin da noti yake kamawa. Shayin maigidana ya huce, aka sake wani, shi ma ya huce. Wata mata da ta zo awo a shagona ta tambaye ni ko rushe garejin ake yi. Da yamma Kawu ya fito daga rami jiƙe da gumi, ya ce ta yi laushi, gobe da taɓawa hannun zai faɗo.

Washegari kurfi ya fara ɗaukowa, ƙarfen sara mai kaifin baki. Ya cusa shi tsakanin hannun da akwatin ya yi ta dannawa da guduma, har leɓen akwatin ya ɓalle ya yi tsalle ya faɗa cikin kofin wani mai shayi. Kawu ya ce dama wurin ba shi da amfani. Sai ya jawo wutar gas. Ya gasa hannun har ya yi ja, bai tsaya nan ba ya haɗa da sandar da gindin akwatin. Robar da ke tare mai ta narke, man ya zubo ya kama da wuta, baƙin hayaƙi ya turnuƙe ƙasan motar. Maigidana ya yi ta watsa yashi da hannu biyu, da abin ya ƙi ya tuɓe rigarsa ya danne wutar da ita. Rigar da na ɗinka masa ce, ko wanki ba ta sha ba sosai. Kawu ya leƙo daga cikin hayaƙi yana tari, ya ce, “Yawwa, ta fara jin jiki.”

A nan haƙurina ya ƙare. Na tashi daga kan keke na tsallaka titi, almakashi ma na manta yana hannuna.

Na ce, “Kawu, don girman Allah, ga fula can a rataye. A ɗauko ta a huta. Motar nan ita ce abincinmu.”

Ya ce, “Ah, Mai Baki ta iso. Koma kan kekenki, 'yar nan. Na taɓa zuwa na ce zan gyara miki aikinki?”

“Ka taɓa, Kawu. Hanawa na yi.”

Masu shayi suka fashe da dariya. Fuskar Kawu ta haɗe, ya cika ya batse. Maigidana, ba riga a jikinsa, hannunsa duk ƙuna, ya durƙusa a bakin rami yana cewa, “Kawu, a yi mata haƙuri, ba ta san aikin ba ne.” Ni ce ban san aikin ba! Na ja shi gefe na ce ya je da kansa ya ɗauko fular, ai ba nisa.

Ya ce, “In ɗauko ta in wuce da ita ta gabansa? Da wane ido?”

Na ce, “Da idon da za ka kalli yaranka in aikin nan ya tafi.”

Ya koma ya riƙe wa Kawu fitila. Kafin in rufe shago Inna ta aiko a gaya mini ta ji abin da na yi wa yayanta a gaban mutane, kuma ba ta haifi mara kunya ba.

Ranar ƙarshe, wadda gobenta za a kunna wuta a gidan burodi, Kawu ya zo da sabuwar dabara, ya ce cikin barci ta zo masa. Ya ɗaure hannun da sarƙa, ya ɗaure ɗaya bakin sarƙar a wani ƙarfe da ke binne a gindin rami. Sannan ya sa jak a ƙarƙashin motar ya yi ta ɗagawa, sarƙa ta miƙe tana kuka, gaban motar yana rawa. Ya sake gasawa, ya sake duka. Wajen azahar sai muka ji wata ƙara kamar taya ta fashe. Hannun ya fita ya daki bangon rami, mota ta zame daga kan jak ta faɗo da gaba. Allah ne kawai ya sa ba kan kowa a wurin.

Kawu ya fito da hannun a cikin tsumma yana hayaƙi, ya ɗaga shi sama, ya bi layi da shi har ƙofar Gajere ya dawo. Yana tafe yana cewa, “Kun gani? Bugu ɗaya!” A ranar na gane yadda yake lissafinsa. Na ƙarshen kawai yake ƙirgawa.

Sai aka zo saka sabo. Bakin sandar ya baje kamar kan tsohuwar ƙusa, ya goge shi da magagari har hannun ya samu hanya. Amma da ya kai kan haƙora sai ya tsaya cak. Masu ƙera motar sun bar haƙori ɗaya mai faɗi a jikin sandar, da gurbinsa a cikin hannun, don kada wani ya saka shi a karkace. In ba su haɗu ba, ba zai shiga ba. Sandar kuwa ta juya tun tuni, ga duka, ga masu shayi da suka riƙa zama a gaban motar suna jin rediyo suna murza sitiyari. Abin da ake buƙata kawai a daidaita sitiyari a tsakiya, a miƙe tayoyi, haƙori ya sami gurbinsa. Kawu ya haska fitila ya ga haƙorin, ya yi tsaki.

“Ka ga aikin kamfani? Sun bar haƙori ɗaya ya fi 'yan uwansa. Sai mu da ke ƙasa mu yi ta gyara musu kuskure.”

Ya sa magagari ya cinye shi. Ya zura hannun yadda ya zo masa, ya kora shi sama da guduma. Aka tono notin daga yashi, aka ɗora, ya ƙi kamawa, domin duka ya cinye zaren bakin sandar da noti yake kamawa. Kawu ya ce noti ma ai tsohon yayi ne. Ya jawo injin walda ya narka hannun da sandar wuri ɗaya, ya zagaye shi kaf. Ya fito yana goge hannu ya ce, “Yanzu ko jikanka ba zai sake cire shi ba.” A wannan kam ya yi gaskiya. Can ƙarshen layi na hango Gajere ya ɗora hannu a ka, ya shige rumfarsa.

Daga garejin zuwa gidanmu duk kwanar hagu ce, motar kuwa tana shan hagu kamar ba gobe. Duk da haka maigidana ya lura sitiyarin a karkace yake ko a miƙaƙƙiyar hanya. Ya koma a ƙafa ya faɗa wa Kawu cikin ladabi. Kawu ya ce sabo ne, zai zauna. Maigidana ya yi godiya, ya ce Allah ya ƙara girma.

Da asuba na ce zan bi shi ya sauke ni kasuwa in sayo zare. Ba zare nake nema ba, zuciyata ce ta ƙi kwanciya. Gidan burodin yana cikin wani matsattsen lungu, ƙofarsa tana dama, ita ce kwanar dama ta farko a hanyarmu. Muka iso a kan lokaci, ƙamshin gashi ya cika wuri, ma'aikata sun fara jero farantai. Mai gidan yana tsaye kusa da sabon ginshiƙin ƙofar da aka gina tare da murhun. Mai Farar Mota yana gefe, jingine da motarsa.

Maigidana ya murza sitiyari dama. Ya tafi kaɗan ya tsaya, kamar an sa masa dutse. Tayoyi suka ɗan karkata kawai. Ya ja baya, ya sake gwadawa. Ya sake ja baya. Kowane zuwa motar takan nufi bango maimakon ƙofa. Motar fulawa ta iso bayanmu ta toshe lungun tana danna hon. Ma'aikata suka ajiye farantai suka fito kallo, wannan ya ce a yanka dama, wancan ya ce ai ya yanka. Gumi ya jiƙe wa maigidana wuya, ya murɗa sitiyarin da dukkan ƙarfinsa, ya ba ta wuta kaɗan ko za ta shige. Gaban motar ya ɗauki sabon ginshiƙin. Simintin bai gama bushewa ba, ya kwanta, ƙyauren ƙofar ya bi shi.

Mai gidan burodin bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zagayo ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar, ya daɗe yana kallon waldar. Ya miƙe ya kaɗe gwiwa.

“Wa ya yi maka wannan?”

Maigidana ya ce, “Wani... na gida ne.”

“To ka gaishe shi. Ni ba zan ɗora burodina da ma'aikacina a kan sitiyarin da aka liƙa da walda ba. Ka yi mini aiki da gaskiya, ban manta ba, amma shaguna suna jira.” Ya juya ya ɗaga wa Mai Farar Mota hannu.

Sai da motar fulawa ta ja baya, aka taru aka tura motarmu baya-baya har bakin titi kafin farar ta samu hanya. Muna zaune a ciki muna kallo aka loda mata burodin. Ban yi kuka a wurin ba, don kada Mai Farar Mota ya gani. Maigidana ya riƙe sitiyarin da hannu biyu kamar har yanzu tuƙi yake yi.

Gajere ya duba motarmu daga baya, ya ce akwatin gaba ɗaya ya tashi aiki: cikinsa ya farfashe da duka, mai ba ya zama, hannun kuma ba ya fita sai an yanka sandar. Irin akwatin tsohuwar motar nan an daina kawo shi, an yi cigiya har an gaji. Kawu ya ce a kawo masa motar zai san dabara, Inna ta ce a kai. Tana can bayan garejinsa har yau, tayoyinta sun sace, kajin maƙwabta suna ƙwai a kujerar direba. Tsohon hannun kuwa ya rataye shi a saman allonsa. Duk baƙon da ya tsaya sai ya nuna masa, ya ba shi labarin yadda ya gagari layi gaba ɗaya har da masu fula. In aka tambayi ina motar, sai ya ce ai surukin nasa ne bai iya kwana ba, ya je ya daki ginin mutane.

Na tsani wannan ƙarfen da ke rataye, kullum yana kallona ina kallon sa. Kawu kuwa ban iya tsanar sa yadda nake so ba, domin ranar da ya ji aikin ya tafi, shi ya fara zuwa gidanmu da buhun shinkafa a kafaɗa, idonsa jawur, yana cewa duniya ba tabbas. Har ga Allah bai san da hannunsa a ciki ba.

Maigidana ya yi zaman gida har ya fara ramewa. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya koma gidan burodin ya nemi ko wane aiki ne. Aka ba shi lodi. Yanzu shi yake jera farantai a farar motar, ya zauna a gefen mai ita, yana nuna masa shagunan da shi ya samo su da ƙafarsa. Abin da yake kawowa bai kai rabin na da ba, amma da shi muke rufa asiri, kuma muddin farar motar tana tafiya, muna ci.

Shekaranjiya ya dawo yana wanke hannu a bakin famfo, ya ce mini, kamar ba komai ba, sitiyarin farar motar ya fara wasa. Sun biyo ta layinmu, Kawu ya tare su, ya kama tayar ya girgiza, ya ce hannu ne, a kawo masa. Mai Farar Mota ya tambayi maigidana ko tsohon ya iya aiki.

Na ajiye abin da ke hannuna. Na ce, “Me ka ce masa?”

“Na ce ya daɗe a sana'ar.”

“Shi ke nan?”

“To me zan ce? Kawunki ne. A bakina za a ji?”

Na ce masa in motar nan ta hau ramin Kawu, lodin ma ya tafi. Na ce ya tashi yanzu ya je ya gaya wa mutumin gaskiya, ko ya raka shi wurin Gajere, in kuma ba zai iya ba ni zan je. Ya ce kada in ƙara jawo masa magana wurin Inna, zai san yadda zai yi. Ya ci abinci kaɗan ya kwanta, ya juya wa bango fuska.

Jiya da hantsi ina zura zare a allura, sai na ga farar motar ta karyo kwanar layinmu bayan sun gama rabo. Ta wuce rumfar Gajere ba ta tsaya ba. A ƙofar garejin Kawu maigidana ya sauko, ya cire hula ya gaishe shi, sannan ya koma gaban motar yana tafiya da baya, yana yi wa direban nuni da hannu biyu yadda zai daidaita tayoyinsa a kan ramin.